Dish ko eriya: wanne zai kawo maka tashoshin garinku da hoto garau?

Sau da yawa mutum zai sayi sabuwar talabijin ta bango, inci 43 ko 55, ya kai gida ya jona, sai ya tarar hoton tashar jiharsu ya fi muni a kanta fiye da yadda yake a tsohuwar mai ƙeya. Nan take a ɗora wa eriya laifi, a ce a cire ta a kafa dish. A kafa dish, ƙwallon Turai ta fito garau har kana ganin gumin ɗan wasa, amma tashar jihar da aka kashe kuɗin dominta a yi ta nema a jerin tashoshi babu ita. Kuɗi sun tafi, bukata ba ta biya ba. Ana iya kauce wa wannan asarar idan an san abin da kowanne cikin biyun yake iya kawowa tun kafin a je kasuwa.

Eriya tana kamo shirin da ake watsawa daga turken da ke cikin garinku ko kusa da shi, galibi a zangon UHF, wanda ɓangarensa na talabijin ke farawa daga megahaz 470. Dish kuwa tauraron ɗan Adam yake kallo, can a nisan kusan kilomita 36,000, yana zagayawa daidai da juyawar ƙasa. Shi ya sa in an saita shi sau ɗaya aka ɗaure, ba a bukatar a riƙa bin tauraron. Turken gari, gari guda da kewayensa yake ciyarwa. Tauraro guda kuwa yana haska ƙasashe da dama lokaci ɗaya. Kusan duk sauran bambancin da ke tsakaninsu daga nan ya samo asali.

Ina tashar garinku take?

Duk tashar da kake gani a dish, ko dai haya ta kama a jikin tauraron, ko kuma kamfanin da ke sayar da kallo ne ya ɗauke ta ya sa a cikin kunshinsa. DStv a Najeriya tana saukowa daga taurarin Eutelsat da ke digiri 36 gabas, StarTimes ta dish daga SES-5 a digiri 5 gabas, Nilesat yana digiri 7 yamma, Arabsat kuma 26 gabas. Hayar gurbi a irin waɗannan da kuɗin waje ake biya, ga kuma kuɗin na'urar da za ta riƙa harba shirin sama dare da rana. Tashar jiha mai dogaro da kasafin gwamnati da 'yan tallace-tallacen cikin gari, ba kowace ke iya ɗaukar wannan nauyin ba. Wasu sukan hau su yi 'yan watanni, haya ta ƙare su sauka, mai kallo ya wayi gari ya ga allo baƙi ƙirin a gurbinsu. Shi kuma kamfanin kallo, da yake gurbi guda yana isa ga masu kallo daga Legas har Maiduguri, ya fi son tashar da kowa zai kalla a kan wadda jiha ɗaya ce kawai ta damu da ita.

NTA ta isa misali. Tun da aka kafa ta a 1977 aka haɗe gidajen talabijin na yankuna a ƙarƙashinta, tsarinta shi ne kowace tasha ta jiha ta yi nata shirye-shiryen, in lokacin labaran ƙasa na ƙarfe tara na dare ya yi a haɗe da hedikwata. NTA da za ka gani a dish galibi ta ƙasa ce ko ta labarai zalla. Shirin Hausa da NTA Kano ko NTA Sakkwato ta ɗauka a cikin gari, daga turkenta yake fita, eriya ce ke kama shi. Haka abin yake ga gidajen jihohi da dama. ARTV ta Kano, wadda aka kafa zamanin mulkin Abubakar Rimi da sunan CTV 67, tun asali don mutanen Kano aka gina ta, su kama ta da eriya a kan rufinsu.

Don haka kafin komai ka tambayi kanka, kai da iyalinka, me kuke nufi in kun ce tashar gida. In tafsirin azumi ne daga masallacin garinku, ko hawan Daushe kai tsaye, ko jawabin gwamna, ko sanarwar dokar hana fita da ranar komawa makaranta, to wannan tashar garinku ce, kuma hanyarta mafi tabbas ita ce eriya. In kuwa bukatar ita ce a ji Hausa a akwati, fina-finai da wasan kwaikwayo da wa'azi, dish ya wadatar har ya yi yawa. Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, tana kan manyan kamfanonin kallo. DStv da GOtv suna da Africa Magic Hausa, StarTimes tana da tata tashar ta Hausa, ga tashoshin addini na kyauta masu yawa a taurari daban-daban, ga na Makka da Madina ga wanda ya juya dish ɗinsa wajen taurarin Larabawa. Waɗannan duk tashoshin Hausa ne ko na Musulunci, amma ba su ne za su gaya maka an rufe gadar unguwarku ba. A ganina nan ne mafi yawan masu saye suke yin kuskure, domin mai shago in ka ce masa kana son tashoshin gida, Arewa24 ce za ta fara zuwa ransa.

Abu uku eriya ke kamawa yanzu

A 2006 ƙasashen Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya suka amince a Janiba, ƙarƙashin hukumar sadarwa ta duniya ITU, cewa za a bar tsohon tsarin analog a koma dijital zuwa ranar 17 ga Yuni 2015. Najeriya ba ta cika wa'adin ba. An fara gwaji a Jos a Afrilun 2016, Abuja ta biyo baya a Disambar shekarar, sai Ilorin da Kaduna a ƙarshen 2017, Enugu da Osogbo a farkon 2018, Legas da Kano kuma a 2021. Wannan shi ne tsarin FreeTV da NBC, hukumar da ke sa ido kan gidajen rediyo da talabijin, ke kula da shi, wanda ake sayen akwatinsa sannan a biya ɗan kuɗi na shekara maimakon na wata. Aikin bai game ƙasa ba, jihohi da yawa ba a kai gare su ba.

Tun kafin wannan, StarTimes ta shigo a 2010 da haɗin gwiwar NTA, GOtv ta biyo a 2011, dukansu da eriya suke aiki a garuruwan da suka kafa turaku. Ke nan in ka ɗaga eriya a yau, abu uku kake iya kamawa gwargwadon garin da kake: ragowar tashoshin analog da ba a kashe ba, tashoshin dijital na kyauta, da na dijital da aka kulle sai an biya. Ƙarfen da ke kan rufi ɗaya ne, akwatin da ke ƙasa ne ke rarrabewa. Jerin tashoshin gida da kowane kamfani ke ɗauka yakan bambanta daga gari zuwa gari kuma yakan sauya, don haka kada ka dogara da takardar talla. Shiga gidan maƙwabcin da ke da irin dikodar da kake son saye, ka roƙi rimot, ka bi tashoshin ɗaya bayan ɗaya. Minti biyar ɗin nan sun fi duk bayanin da za a yi maka a shago.

Halin dijital ya saɓa da na analog, kuma wannan yana ruɗa wanda ya saba da na da. A analog in sigina ta yi rauni hoto yakan yi yayyafi, mutum ya riƙa fitowa da inuwarsa a gefe, amma ana iya daurewa a kalla. A dijital babu tsaka-tsaki sosai. Ko hoto ya fito tsaf, ko ya farfashe gida-gida ya daskare, murya ta riƙa sarƙewa, sannan ya ɗauke. A shafin saiti na dikoda akwai sanduna biyu, ɗaya ta ƙarfin sigina, ɗaya ta ingancinta. Ta ingancin ce abin lura. Ana iya samun ƙarfi ya cika taf amma inganci yana ƙasa, hoto kuma ya ƙi zama.

Maganar HD

Hoton talabijin na da, wanda ake kira SD, ɗigo 720 ne a kwance, 576 a tsaye, wato ɗigo dubu ɗari huɗu da 'yan kai. Cikakken HD kuwa 1920 ne a kwance, 1080 a tsaye, sama da ɗigo miliyan biyu, ninki biyar ke nan. Akwai na tsakiya mai 1280 da 720. In ka ɗauki hoton SD ka shimfiɗa shi a allo mai inci 55, dole talabijin ta ƙirƙiro ɗigon da babu don ta cike gurbi, shi ne fuska ke fitowa a dame, rubutun ƙasan allo yana dishi-dishi. Tsohuwar mai ƙeya ƙarama ce, kuma da ma don wannan hoton aka ƙera ta, shi ya sa take rufa masa asiri.

Kafin HD ya iso idonka sai kowace gaɓa ta yarda: kyamarar da ta ɗauka, ɗakin haɗa shiri, na'urar watsawa, dikoda, wayar da ta haɗa dikoda da talabijin, sannan ita talabijin ɗin. Gaɓa ɗaya ta gaza, an koma SD. Tsarin DVB-T2 da ake amfani da shi a eriya yana iya ɗaukar HD sarai, haka ma DVB-S2 na dish. Matsalar wuri ce. Kowane zango na eriya faɗinsa megahaz 8 ne, a cikinsa ake cusa tashoshi masu yawa, tashar HD guda kuma kamar fasinjan da ya kama kujeru uku ko huɗu ne a motar haya. Kamfanin da ke son ya ce yana da tashoshi masu yawa zai gwammace ya cika motar da SD. Tauraro ya fi yalwar wuri, shi ya sa yawancin HD na gaske da ake kallo a gidajenmu, irin su tashoshin SuperSport da manyan tashoshin labarai na waje, ta dish suke zuwa.

A nan dish ya yi wa eriya fintinkau, ba na ja. Sai dai tashar jihar da ɗakin shirinta SD ne, ko ta hau tauraro SD ɗin za ta sauko. Wanda ya kafa dish don ya ga labaran jiharsu a HD bai sayi abin da zai ba shi hakan ba, domin gyaran a gidan talabijin ɗin yake. Abin da ke hannunka shi ne ka sami SD mai tsafta na dijital maimakon analog mai yayyafi, kuma bambancin nan kaɗai babba ne. In mafi yawan kallon gidanku tashoshin gida ne, talabijin mai inci 32 za ta fi yi muku daɗin ido a kan babba, ragowar kuɗin a sa a eriya mai kyau.

Abu biyu ƙanana suna hana mutane da yawa ganin HD da suka riga suka biya. Na farko wayar nan mai kai uku, ja da fari da ruwan ɗorawa. Ba ta ɗaukar HD ko kaɗan. Na sha shiga falo in ga dikodar HD da talabijin ta zamani an haɗa su da ita, ramin HDMI, wanda shi ne ke ɗaukar HD, yana nan a buɗe ƙura ta cika shi. Na biyu saitin dikoda: a shiga a tabbatar fitar hoton yana kan 1080, ba 576 ba. Rubutun HD da ke jikin kwali kuwa, ma'anarsa akwatin zai iya nunawa idan an aiko masa, bai yi alkawarin za a aiko ba.

Sai a kula da talabijin na hannu da ake shigowa da su. Wadda aka ƙera don Amurka tsarin ATSC take karɓa, ta Japan kuma ISDB, ba za su kama dijital ɗinmu da eriya kai tsaye ba. Tsofaffin na Turai da yawa DVB-T suke da shi, babu T2. Duk waɗannan za su yi aiki in an jona musu dikoda ta HDMI, amma in kana son ka soka eriya a bayan talabijin ka yi sachin ba tare da akwati ba, duba jikin kwali ko takardarta ka ga an rubuta DVB-T2. Ko da tana da shi, tashoshin da ba a kulle ba kawai za ta buɗe.

Damina, iska da duwatsu

Ƙananan dish da muka saba da su, masu faɗin santimita 60 zuwa 90, a zangon Ku suke aiki, wajen gigahaz 11 zuwa 12, kuma ɗigon ruwan sama yana shanye irin wannan siginar. Hadari mai nauyi yana tasowa ta inda dish yake kallo, tun kafin ruwa ya sauka a unguwarku hoto zai fara farfashewa. Wanda dish ɗinsa ke kallon gabas ya fi sanin wannan, tunda hadarinmu daga gabas yake tasowa. A watan Agusta abin yakan zame wa masu gidan kallon ƙwallo ciwon kai. Dish mai santimita 90 ya fi na 60 juriya, babban dish na zangon C kuma, mai mita 1.8 ko fiye, ruwa ba ya cika damun sa, sai dai yana cin wuri da kuɗi. Eriya ba ruwanta da ruwan sama sosai. A daren da ake tafka ruwa dish ya ɗauke, ita tana nan tana aiki muddin turken gari yana da wuta. Hazon hunturu ba ya hana ko ɗaya daga cikinsu. Akwai kuma 'yan kwanaki wajen Maris da wajen ƙarshen Satumba da rana ke bi ta bayan tauraro, dish ya ɗauke na 'yan mintuna da rana tsaka ba hadari ba komai. Ba lalacewa ba ce, kada a kira mai gyara.

Iskar farkon damina ita ce abokiyar gabar duka biyun, amma ta fi cutar da dish, domin gocewar da ido ba zai gani ba ta isa ta ɗauke hoto. Na tsaya na kalli yadda ake saita wani a gidan maƙwabcina. Yaron mai aikin yana kan katanga riƙe da sifana, ogansa yana ƙasa tsugune gaban wata 'yar talabijin da ya ɗora a kan bokiti, idonsa a kan sandar inganci. "Hagu kaɗan. Kaɗan na ce. Tsaya! Dawo." Sandar ta hau ta yi kore. Maigidan ya ce, "Injiniya, ai ya kawo, a ɗaure haka." Ya ce, "Alhaji, bari mu ƙara nema. In na ɗaure a nan, ruwan farko za ka kira ni." Ya sa yaron ya ɗan murɗa LNB, wato ƙwan nan da ke bakin sandar dish, sandar ta ƙara hawa, sannan aka ɗaure notuna a hankali ɗaya bayan ɗaya yana kallon allo, don ɗaurin kansa yakan ja dish ya goce. Wannan 'yar rarar da ya nema ita ce ke riƙe hoto ranar hadari.

Raunin eriya kuwa nisa ne da shamaki. Siginar UHF kusan a miƙe take tafiya, tana son eriya ta hango turke. A shimfiɗaɗɗen gari irin Kano, eriyar waje a kan dogon bututu tana iya kamawa daga nisan kilomita gommai. A Jos ko gefen Abuja, inda dutse ke iya shiga tsakaninka da turke, gida biyu a unguwa ɗaya sai ɗaya ya kama ɗaya ya rasa. Dogon bene a gabanka ma yana yin haka. Tsawo shi ne magani na farko, ƙarin mita biyu a sama yakan yi abin da busta, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina, ba za ta yi ba. Eriyar cikin ɗaki a ƙarƙashin rufin kwano kuwa sai wanda yake dab da turke, domin kwano yana tare sigina.

Ina da ƙorafi a kan yadda ake tura wa mutane busta. Ita dai ƙara ƙarfin abin da ya shigo take yi, mai kyau da marar kyau. In siginar da ma a lalace take, lalatacciya mai ƙarfi za ta ba ka. In kana kusa da turke kuma, tana iya cika dikoda har hoto ya ɗauke. Ga shi yanzu an ba kamfanonin waya zangon megahaz 700 da 800, waɗanda da na talabijin ne, don haka busta mai arha a kusa da turken waya takan kwaso siginar 4G ta dagula komai. Inda take da amfani shi ne gidan da ke nesa, ko inda waya ta yi tsawo, ko ake raba eriya ɗaya ga ɗakuna da yawa, kuma a sama kusa da eriya ake ɗaura ta.

Kuɗi da wuta

Ba zan kawo farashi ba, domin kafin ka karanta ya sauya. Tsarin kashe kuɗin dai ba ya sauyawa. Eriya da dikodarta sun fi arha wajen saye, kuma mai ɗan ƙoƙari zai iya kafawa da kansa. Dish sai an kira mai saiti, kuma duk sanda iska ta goce da shi sai an sake kiran sa. Dish na kyauta sau ɗaya ake biya, amma tashoshinsa sukan sauya mita ko su ƙaura zuwa wani tauraron ba sanarwa. Na biya kuwa ya fi kwanciyar hankali ta wannan fuskar, sai dai kuɗin wata ya sha hawa a 'yan shekarun nan, kuma tashoshin HD da suka fi jan hankali, musamman na ƙwallo, a manyan kunshi suke. StarTimes tana da tsarin biyan kwana ko mako, wanda ya dace da mai samu yau da gobe.

Gida mai ɗakuna da yawa, kamar na mai mata biyu ko uku, a nan eriya ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Eriya ɗaya da 'yar na'urar rabawa za ta ciyar da kowane ɗaki. A dish kowace talabijin sai da risibarta in ana son kowa ya kalli abin da yake so, LNB ɗin ma sai mai baki biyu ko huɗu, na biya kuma akwai ƙarin kuɗi a kan kowane akwati. Ta fuskar wuta bambancin kaɗan ne. Yawancin dikodoji bolt 12 suke ci, ba sa wahalar da ƙaramar sola, talabijin mai T2 a ciki kuma ta rage maka akwati guda.

Haɗa biyun

Ga mazaunin babban gari, ni abin da na fi gamsuwa da shi shi ne a haɗa su. Wanda ya riga ya kafa dish, ƙara eriya ba zai ci masa wani abin kirki ba, kuma ita ce za ta kawo masa tashar jiha ta kuma riƙe shi ranar hadari. Hanya mafi sauƙi: dish ya shiga dikodarsa, dikoda ta shiga HDMI, eriya kuma ta shiga ramin eriya na talabijin, a riƙa sauyawa da rimot. Akwai kuma risiba da ake kira kombo, mai baki biyu, S2 na dish da T2 na eriya, wadda ke jera tashoshin duka a wuri ɗaya. Ta fi dacewa da gidan da akwai tsofaffi waɗanda sauya mashiga ke ba su wahala. In ba ka son huda bango sau biyu, akwai 'yar na'ura mai suna difleksa da ke haɗa siginar biyu a waya ɗaya, a sa wata a ɗaki ta raba su. Abin yana yiwuwa ne don siginar eriya ba ta wuce megahaz 862, ta dish kuma bayan ta fito daga LNB na yau da kullum daga 950 take farawa zuwa 2150, ba sa taka juna. Kada a sa na'urar rabawa ta eriya a madadinta, domin risiba tana tura wutar bolt 13 ko 18 ta cikin wayar zuwa LNB.

Wanda ke ƙauye mai nisa da babban birnin jiha, ko bayan dutse, kada ya wahalar da kansa da dogon gora da busta biyu. Dish ne nasa, labarin jiha kuma rediyo ta fi kawo masa shi da wuri. Ɗan haya da mai gida ya hana huda bango, ko mai yawan tashi, eriya da ƙaramar dikoda sun fi masa sauƙin ɗauka. Mai gidan kallo ba shi da zaɓi sai dish, kuma ya sayi mai faɗi. 'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram lissafin ɗaya ne, sai dai sunaye su sauya: Canal+ a dish, Télé Sahel da sauran tashoshin ƙasar a eriya inda turke ya kai. Wasu gidajen talabijin suna sa shirinsu kai tsaye a Facebook ko YouTube, yana fitar da mutum kunya ranar wani babban taro, amma kallon kullum a haka data ba za ta bari ba.

Ko wanne ka zaɓa, kada ka yi tsumulmula a waya, araha ba ta ado. Sayi waya samfurin RG6 mai kauri, ka sa a yanka bakinta a gabanka ka ga ragar da ke ciki a cike take, ba 'yan silalla ba. Yawancin hoton da ke lalacewa bayan damina ɗaya ruwa ne ya shiga ta mahaɗa ya bi cikin waya, in ka kwance sai ka ga tsatsa ko kore-kore a bakin. A naɗe mahaɗar waje da tef sosai, a lanƙwasa wayar ta yi ƙasa kafin ta shiga bango don ruwa ya ɗige a waje. Dogon bututun eriya a jona masa waya mai kauri zuwa ƙarfen da aka binne a ƙasa saboda tsawa, in ana walƙiya mai ƙarfi kuma a zare wayar daga bayan akwati. Kafin ka sallami mai aiki, sa shi ya buɗe maka tashar jihar da kake so da kanta, ya nuna maka sandar inganci a kanta, ka rubuta lambar da ta kai da mitar tashar a bayan kwalin dikoda. Ranar da hoto ya fara farfashewa, da wannan lambar za ka gane ko daga gidanka ne ko daga tashar.